Ƙwayar da Ayi ta saya mini

Laraba.

Ina saukowa daga bene da safe Ayi, wata 'yar China da ke zaune a ƙasan ɗakina, ta tare ni a bakin ƙofa, ta ƙare mini kallo, ta ce idanuna sun faɗa. Na ce lodin kwantena ne ya sha kaina a makon nan. Ba ta yarda ba. Ta ce har ƙarfe uku na dare tana jin takuna a saman ɗakinta. Kafin in sake buɗe baki ta rataya jakarta, sai kasuwar Qingping.

Duk daɗewata a Guangzhou ban taɓa kutsawa can ciki ba. Buhunan saiwoyi, ɓawon itatuwa, busassun furanni, ƙamshin wurin sak layin masu magani a kasuwar Kurmi. Nan take na ji raina ya yi fari. Tsohon mai shagon ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya ce in fito da harshe, sannan ya ɗebo wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗan rawaya, kusan girman shinkafa. Bai zi ren sunansu. Ya murtsuke ɗaya a kan takarda, maiƙo ya fito ya yi tabo. Na tambaya ko da giya ko wani abu na dabba a ciki, ya ce ƙwayar itace ce zalla. Na tauna, ga ɗan zaƙi ga maiƙo.

Ya haɗa mini da wata, suan zao ren. Da na ga hoton itacenta a jikin kwalba, ga ƙaya ga ƙananan 'ya'ya, na ce ai wannan 'yar uwar magarya ce! Ayi ta yi ta maimaita "magarya" tana dariya. Tsohon ya ja mini kunne: kada in wuce giram 10 na bai zi ren a rana, domin man da ke cikinta yana sakin ciki, mai gudawa kuwa sai dai a ba shi wadda aka matse wa mai. Ya ce tana cikin littafin maganin Sinawa na Shennong, na kusan shekara 2,000. A wajensu barci a zuciya yake kwana, idan zuciya ba ta zauna ba ido ba ya rufuwa.

A jirgin ƙasa muna dawowa ta nuna mini itacen bai zi ren a wayarta. Kore shar, ba ya kaɗe ganye ko a tsakiyar hunturu. Ta ce irinsa ne cike a tsofaffin wuraren ibada na Beijing, kuma a ƙauyensu can arewa kusa da kaburbura ake dasa shi. Da hannunta ta dasa ɗaya a kabarin mijinta, duk watan Afrilu takan je ta share gindinsa. Sai ta kife wayar a cinya ta ce, "Yaro, kai wa ka rasa?"

Wallahi ban gaya wa kowa a gidan nan ba. Na ce Baba. Yau kwana 23. Kafin in gama neman tikiti an yi masa sutura an kai shi. Ta tambaye ni wane itace muka dasa masa, na ce mu ba ma dasawa, ƙasa ce kawai da addu'a. Ina faɗin haka na tuna ko inda kabarin yake ban sani ba. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka sauka.

Sito da rana. Direba bai zo ba. Lissafin Alhaji sai gobe.

Da dare na dama kunun shinkafa da ƙwayar da zuma, yadda ta koya mini. Ina cikin sha Inna ta kira, su can sun idar da la'asar. "Auta, kana dai samun barci ko?" Na ce ina samu, Inna. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce Allah ya yi maka albarka. Tana cikin takaba, ita ce ke tambayar barcina, ni kuma na ɓoye mata. Abin nan ya tsaya mini a rai.

Na sa ragowar a firji, tsohon ya ce zafi yana ɓata ta. Ƙarfe ɗaya da rabi yanzu. Na tura wa Yaya saƙo, ran Juma'a in ya je maƙabarta ya tsaya daidai wurin ya kira ni.