Asabar a garejin Dattijo

Sanyi ya fara shigowa jihar Ohayo ta Amurka da gaske. Bayan azahar na ce wa Hajiya zan leƙa wajen Dattijo, abokina a harkar harbi, awa ɗaya in dawo. Ta ce, "Awa ɗayanka ko ta mutane?" Ta miƙo mini ɗan kwanon dambun nama in kai masa, tun da ya ɗanɗana a salla yake ta cigiya.

Na tarar ya zube kwansunan harsashi samfurin .308 fal a tebur, waɗanda aka harba za a sake ɗurawa, an wanke, an matse, saura datsewa. Ni kam aikin nan yana mini daɗi. Kwanson harsashi tagulla ne, da an harba sai ya kumbura ya cika ramin bindiga. In aka matse shi ya koma yadda yake, tagullar ba ta da wurin tafiya sai gaba, shi ya sa wuyansa ke ƙara tsawo. Ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, ta tsayar da iyakar tsawon kwanson .308 a inci 2.015, mu kuma mukan mayar da shi 2.005. Bambancin kwatan milimita ke nan, kaurin gashi uku ko huɗu. Amma in ya zarce iyaka, bakinsa kan cusa inda ramin ya tsuke, ya shaƙe kan harsashin, ƙarfin albarushi ya haura yadda ba a so, fuskarka kuma tana nan dab da wurin.

Na zauna ina murɗa hannun Wilson ɗinsa, na'urar datse kwanso, ina kankare bakin kowanne ciki da waje, muna gardamarmu ta kullum. Ni so nake duk su zo daidai wa daida. Shi kuwa cewa yake son burgewa ne kawai. "Yaro, ka datse don kada ka rasa ido. A yadi 600 iska ce za ta kayar da kai, ba ɗigon da kake bi ba." Daga nan sai labarin filin harbi na Camp Perry, da iskar tafkin Erie da ke bakinsa, da cewa tun 1907 ake gasar harbi ta ƙasa a can, kai ka ce da shi aka fara. Na sha ji, na kuma saurara.

Can sai na lura shiru ya yi yawa. Ya riƙe kwanso guda yana ta awo, ya buɗe ma'auninsa mai batir ya rufe, ya sake. Lambar ta ƙi tsayawa, don hannun ne ba ya tsayawa. Ya turo mini ya ce, "Duba mini, batirin ne ya yi sanyi." Na auna, 2.012, batir lafiya lau. Na ce lallai batirin yana so a canja.

Abin mamaki, da ya ɗauko 'yar wayar ƙarfensa mai lanƙwasa yana zura ta cikin kwansunan, yatsun nan masu rawa ba su kuskure ba. Tagullar da ake datsewa a baki daga gindi take tahowa, sai wurin ya yi siriri har ya yi zobe daga ciki, wata rana gindin ya balle a cikin bindiga. Shi ya sa in an datse kwanso sau huɗu ko biyar akan yar da shi. Dattijo yana jin zoben da waya kafin ni in gan shi da tocila. Ya ware wasu ya watsa a bokiti.

Da na tashi tafiya ya kwance Wilson ɗin daga tebur, ya sa a akwatinsa, ya ɗora mini a hannu. Na ce to, zan dawo da shi Asabar. Ya ce, "Ban ce aro ba."

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. A can gida ƙasar Hausa in tsoho ya fara rabon kayansa, mun san abin da za mu ce: haba Baba, daina irin wannan magana, Allah ya ƙara nisan kwana. Ya yi murmushi, a mayar da kaya ɗaki. Nan kuwa in ka ƙi karɓa ka ci fuskarsa, in ka karɓa ka yarda da abin da yake nufi. Ɗansa yana can Arizona, ko kallon bindiga ba ya yi. Na yi godiya, bakina ya mutu, na fito. Har na iso gida ban kunna rediyo ba.

Hajiya ta ji labari ta ce, "Abban Auta, ai ka karɓa, naka ne. Ka ce masa teburinka ba shi da ƙwari, a can za ka ɗaure shi kana zuwa aiki." Kuma gaskiya ne, teburina girgiɗi yake yi. Haka zan yi, in sha Allahu, in tafi masa da sabon batir.

Tuwon dare ya yi gishiri, ban ce uffan ba. Auta ya ci 8 cikin 10 a lissafi, yana neman tukwici. Mota tana neman juyen mai, sai Litinin.