Taiga da sandar Kawu

Ranar da aka kawo Kawu gidanmu daga ƙauye ko a mafarki ban zaci kare ne zai fara ba mu ciwon kai ba. Ni hankalina na kan kuɗin magani da yadda za a dinga kai shi gashi asibiti sau biyu a sati, don hawan jini ne ya kada shi, ɓarin hagu ya shanye, yana takawa dai amma sai da sanda, irin ta ƙarfen nan mai ƙafa huɗu a ƙasa, ya dafa ta ƙwas, sannan ya jawo ƙafar hagun shaaa a kan siminti. Ana sauke shi daga mota ya sa sandar nan a bakin get, sai ga Taiga ya taso daga gindin mangwaro kamar an harbo shi, haushi ba ƙaƙƙautawa, gashin bayansa duk ya miƙe. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne yana haushin ne yana ja da baya, bindi a matse tsakanin cinyoyi.

Taiga karen gadi ne, ɗan ƙasa, ja mai farin ƙirji, shekararsa uku a hannunmu kuma bai taɓa cizon kowa ba. Mai ruwa ya shigo da kura, almajirin Umma ya shigo, ko kai ba ya ɗagawa. To me Kawu ya tsare masa?

Nan fa masu fassara suka samu aiki. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo dubiya ta ce ai kare na ganin abin da mu ba ma gani, wai ciwon nan ba na asibiti ba ne, a nemi na gida. A gabansa fa ta faɗa, kamar ba ya ji. Kawu bai tanka ba, sai da dare ina gyara masa shimfiɗa ya ce min, "Ɗan nan, ko dai ku mai da ni gida ne? Ka ga har dabba ta gane na lalace." Na ce, "Haba Kawu, ku daina faɗin haka don Allah." Wallahi ranar da ƙyar na yi barci.

Washegari da Taiga ya sake, na ɗauki tsinken tsintsiya na zabga masa, na daka masa tsawa. Kuskuren da na fara tafkawa ke nan. Ya yi shiru, eh, amma kwana biyu bayan nan abin ya ƙaru, ko ƙarar sandar ya jiyo daga ɗaki sai ya hau rawar jiki yana gurnani a bayan tankin ruwa.

Wani abokina da ya karanta likitan dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi na kira, ya saurare ni tsaf sannan ya tambaye ni abu ɗaya: a ina kuka samo karen, kuma yana da wata nawa? Na ce a wani garejin makanikai ne, ya kai wata huɗu, yaran unguwa sun addabe shi da jifa da sanda shi ya sa ma ƙanina ya ɗauko shi. Ya ce to ka ba kanka amsa. Ya min bayanin cewa ɗan kwikwiyo daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin ba komai ba a duniya, abin da bai saba da shi ba a wannan tsakanin yakan tashi yana ɗar-ɗar da shi, balle wanda aka ci zalinsa da shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a garuruwanmu kare ya ga mutum da sanda ya nufo shi, me ya saba ya biyo baya? Duka. Ga kuma tafiyar Kawu ba irin wadda ya sani ba, jiki a karkace, taku ba daidai ba, ga ƙarar ƙarfe, kuma kunnen kare ya fi namu ɗaukar sauti mai tsini nesa ba kusa ba. Ni kuma na zo na tabbatar masa: duk sanda mai sandar nan ya fito, sai a doke ka.

Sai a lokacin na tuna ashe ya daɗe yana yi, mu ne ba mu kula ba. Akwai wani bawan Allah mai sayar da kati a bakin layinmu, shan inna ce ta taɓa shi tun yana yaro, yana wucewa a keken nan da ake tuƙawa da hannu, kullum Taiga sai ya bi shi da haushi ta ƙarƙashin get, mu kuma mu ce gadi yake. An ce cutar ta ƙare, tun 2016 a Borno rabon da a samu wanda ainihin ƙwayar ta kama a Najeriya, a watan Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ita, Alhamdulillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a kowace unguwa suna neman abincinsu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda suke ji in kare ya taso musu alhali ba halin gudu.

Abin da abokina ya koya min ba wani tsada gare shi, haƙuri kawai yake ci. Ya ce tsohon ilimi ne tun zamanin Pavlov, ɗan Rashan nan da ya gano kare na iya haɗa wani sauti da zuwan abinci har yawu ya zubo masa tun bai ga kwanon ba. Mu ma haka za mu yi, sanda ta koma tana nufin nama maimakon duka.

Na fara sayo hanta ina dafawa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, in yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kar wanda ya ce zai yi da tsire ko ragowar miya, albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini. Satin farko sandar kawai nake ajiyewa a kwance a tsakar gida lokacin da Kawu ke barcin rana, Taiga na can nesa a ɗaure da doguwar igiya, ya kalli sandar in jefa masa hanta, ya sake kallo in sake jefawa, na ɗauke sandar hanta ta ƙare. Minti biyar, shikenan. Sirrin duk yana wurin tazara. In ya fara lasar baki, ko hamma alhali ba barci yake ji ba, ko ya kwantar da kunne, ko ya ƙi karɓar hantar ma gaba ɗaya, to na matso da yawa, sai in koma baya. Kare da ya ƙi hanta ai ka san ba lafiya ba. Gurnani kuma abokina ya ja min kunne sosai kar in ƙara dukansa a kai, don gurnani gargaɗi ne, in ka hana shi gargaɗi wata rana sai dai ka ji cizo ba sallama.

Sati na biyu ni na koma riƙe sandar ina yawo da ita, daga baya har ina jan ƙafa. Sai da na nemi izinin Kawu tukuna don kar ya ga kamar ina kwaikwayonsa, ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun zuwansa, ya ce "Ba haka ake ja ba, kai ko gurguntar ma ba ka iya ba." Umma kuwa da ta fito daga kicin ta gan ni ba ta san zancen ba, salati ta saka tana Allah ya shirye ka.

Akwai ranar da komai ya rushe. Sandar ta suɓuce min ta faɗi a kan siminti ƙwararam, Taiga ya zabura har ya kusa shaƙe kansa da igiya, sai da muka koma kamar ranar farko, kwana huɗu kafin ya dawo inda yake. Na ji haushi ba kaɗan ba, har na ce a kai shi gona kawai a huta.

Da aka zo kan Kawu da kansa, a zaune ya fara, a kujerarsa bakin baranda, sanda jingine, ba ya kallon Taiga cikin ido, yana wurga hantar da hannun dama can bayan karen, ba gabansa ba, don ya ci yana nisanta maimakon kwaɗayi ya jawo shi inda zai firgita. Kawu ba mai taɓa kare ba ne, bai son yawunsa a tufafin da zai yi sallah da su, kuma ban taɓa cewa ya taɓa ba. Ni ba abota nake nema musu ba, so nake ya wuce karen ya ƙyale shi. Har yau in Kawu zai taka igiyar na wuyan Taiga, domin ko da wasa ya ɗane shi ya faɗi, mai shanyewar ɓarin jiki karaya ba ta masa wuya. Allurar ciwon haukan kare ma na sabunta masa a cikin satin, ita kam ba a wasa da ita.

Yau wata biyu da 'yan kwanaki. Kawu na zagaya tsakar gida sau uku bayan la'asar kamar yadda masu gashi suka ce, ƙwas, shaaa, ƙwas, shaaa, Taiga na kwance gindin mangwaro ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, abin da kawai yake yi shi ne bin aljihun Kawu da ido. Na mai keken ne har yanzu da saura, ƙarar sarƙar keken na tayar masa da hankali, amma na yi magana da mutumin ya yarda ranar Asabar zai tsaya can tsallaken titi mu gwada, ya ce sharaɗinsa ɗaya, in sayi katin dubu. Mahaucin da nake sayen hanta a wurinsa kuma kullum sai ya ƙara min yanka ɗaya ya ce a gai da mara lafiya, na rasa ta inda zan fara gaya masa.