Alkyabbar da ta baƙance a kan dandamali

Shekarar da aka fara ɗora mini nauyin kayan 'yan wasan kwaikwayo a makarantar da nake koyarwa, sati uku na yi ina fama da alkyabbar sarki guda ɗaya tal. Koren yadi ne mai sheƙi, na bi bakinsa da siririn surfani, kullum dare ina kai har idona ya fara yaji. Ranar gwajin ƙarshe yaron ya fito yana taƙama, malamin da ke kula da fitilu ya kunna jar fitila saboda fagen yaƙi ne, sai ga alkyabbata ta koma baƙa ƙirin kamar an tsoma ta a tawada. Laifina ne, ban tambayi kowa ba. Koren yadi koren haske yake mayar wa ido, ja kuwa shanye shi yake yi, don haka in ja kaɗai aka haska masa babu abin da zai dawo. Surfanin kuma da na koma kujerar baya na zauna, ko alamarsa ban hango ba.

Tun daga ranar, kafin in sa almakashi a yadi sai na yanki ƙyalle na kai shi ƙarƙashin fitilun da za a yi wasan da su, sannan na je can ƙarshen zaure na duba. Daga nesa abu biyu kaɗai ke isowa: launi da siffar mutum. Ƙananan zane da siraran layuka cakuɗewa suke su zama toka-toka. Fari kuma ɓarawon ido ne. Ka sa wa yaron da ba shi da magana ko ɗaya farar riga, shi za a yi ta kallo ana barin mai magana. In wasan na ɓangare biyu ne masu gaba, launi nake raba musu, waɗannan shuɗi waɗancan ruwan ƙasa, yadda kakar da ta zo kallon jikanta za ta gane waye na wa tun kafin a buɗe baki.

Sai shi mai sa kayan. Yaro ɗan shekara 11 da ka auna a farkon zango ba shi ne zai hau dandamali bayan wata uku ba. Shi ya sa nake barin kalmasa mai faɗi, ƙugu kuma roba nake sawa. Doguwar riga ba ta wuce idon sawu, domin na taɓa ganin sarauniya ta taka bakin rigarta ta kife, zauren ya kwashe da dariya, ita kuwa har yau ba ta sake yarda ta yi wasa ba. A wajen gwada kaya ba na yarda yaro ya tsaya ƙiƙam ina yaba ɗinkina. Sai ya zauna, ya durƙusa, ya ɗaga hannu, ya ruga da gudu. Nan ne za ka ji, "Malama, hammata tana matse ni."

Maɓalli kuwa abokin gaba ne in yaro yana da minti ɗaya ya tashi daga manomi ya koma soja, a bayan labule, cikin duhu, hannu na rawa. Velcro, wato maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya da ake mannawa a ɓanɓare, shi ne ya cece ni. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda wata ƙaya mai kama da ƙarangiya ke maƙale wa gashin karensa. Aibinsa ɗaya: ƙara. In aka ɓanɓare shi lokacin da zaure ya yi tsit, har layin gaba ana jin ƙyaaat. Don haka nake jera canjin kaya ya faɗo daidai lokacin kiɗa ko tafi.

Abin da na fi jin daɗi, ban ɓoye ba, shi ne lalata kaya. Almajirin hanya ko fursuna ba ya fitowa da riga mai karin guga. Auduga nake nema, in jiƙa ta a ruwan ganyen shayi mai kauri ta yi dauɗa-dauɗa, in goge gwiwa da wuya da samfefa, wato inda tufafi ke fara cinyewa a jikin mutum. Yadin roba ba ya shan wannan rinin, ga shi in ya kusanci wuta narkewa yake ya manne a fata, shi ya sa ba na barin kyandir na gaske ya hau dandamali.

Alkyabbar nan tana nan a akwati. Bara mun fito da ita a wani wasan, muka yafa wa ɓarawon da ke shigowa cikin dare, aka kunna masa jar fitila da gangan.