Takardar da na ɓare

Har yau in na ga batir mai shuɗiyar takarda sai raina ya sosu.

Sanƙarau ne ya tafi min da ji ina ɗan shekara 13. Da aka auna ni a Yamai, kunnen dama sai ƙara ta kai desibel 80 a ma'aunin ƙarfin sauti yake kamawa, na hagu kuwa ba a magana. Kawu ya biya kuɗin na'urar ƙara ji, irin mai maƙalewa a bayan kunne, aka haɗo ni da batir mai lamba 675 har fakiti huɗu, shida-shida.

Ina dawowa Maradi, don tsabar iyayi, na zauna dare guda na ɓare takardun duka 24 na zuba su cikin gwangwani, wai kar ɗaya ya mutu a hanya in tsaya fama. Ashe takardar nan ita ce ransa. Akwai 'yan huji ƙanana a ƙarƙashinta, da iska yake aiki, kana ɓarewa ya fara cinyewa ko ka sa ko ba ka sa ba. Abin da zai kai ni wajen wata goma, kafin wata biyu duk ya mutu.

Abin haushin, an gaya min. Mai bayanin ya sunkuyar da kai yana rubutu yana magana, ni kuwa leɓe nake karantawa. Kunya ta hana ni cewa ya maimaita, na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. In an zo ba ka na'ura, ka ce a dube ka ido da ido, ko a rubuta maka.

Na gwada batirin agogo a babbar kasuwa, girmansu ɗaya, amma ba ya jimawa. Sati uku na yi babu ji kafin wani direba ya kawo min daga Kano.

Ita na'urar ban raina ta ba. A ɗaki ina jin Inna ba sai ta taɓa kafaɗata ba. Wurin biki ko cikin 'yan kabu-kabu sai ta haɗa komai ta zuba min a kai, in kashe ta. In robar da ke shiga cikin kunne ta yi sako-sako kuma ta kama fito ana cikin sujada, na kusa su ji, ni ban ji ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Gwangwanin ya juye a tafin hannu ya ƙirga, ya ce, "Ashirin da huɗu, ɗana?"