Asabar a gida: ni da Auta da mutumin da ke cikin abin rufe fuska

Yau ban leƙa ko'ina da safe ba. Auta ta kwana da zazzaɓi, Mamansu ta ba ta magani bayan sallar asuba, sannan ta shirya ta tafi suna Rigasa ta bar ni da jinya. Jinyar 'yar shekara goma sha ɗaya kuwa ba wani aiki ba ne illa ka hana ta tashi. Kallo ne kaɗai ke zaunar da ita wuri guda, don haka na jawo kwamfuta, da ɗan cajin da ya rage mata tunda rabonmu da wuta tun Alhamis, na kunna mata Harry Potter na ƙarshe, wanda ya fito a 2011.

Muna cikin kallo sai ta ce, "Baba, wannan malamin yaro ne aka manna wa gashin baki?" Na ce a'a, wada ne, babban mutum ne, ƙila ma ya girme ni. Ta ce to wancan dodon bankin mai dogon hanci da zaƙo-zaƙon farce fa? Na ce mata wannan wani ne daban. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na uban da ba ya son a ga ya gaza. Da barci ya ɗauke ta sai na ɗauki waya na duba, ashe ƙarya na yi wa yarinya. Malam Flitwick da Griphook na banki duk mutum ɗaya ne a wannan fim, sunansa Warwick Davis, mutumin Ingila.

Daga nan na manta da shayin da na ɗora, na yi ta karatu har ruwan ya kusa ƙonewa. Abin da ya riƙe ni shi ne na fi shekara ashirin ina ganin mutumin nan a fina-finai daban-daban, amma da za mu haɗu a Kasuwar Bacci ba zan ce ga shi ba.

An haife shi a 1970 a garin Epsom, kudu da Landan. Tsayinsa ƙafa uku da inci shida. Irin wadantakarsa ba ita ce wadda aka fi gani ba, wata larura ce ta ƙashi da ake haihuwar mutum da ita, mai taɓa ƙashin baya da gaɓoɓi. Yadda ya shiga fim kuwa kamar tatsuniya: kakarsa ce ta ji sanarwa a rediyo ana neman mutanen da ba su wuce ƙafa huɗu ba don wani sabon fim na Star Wars. Yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, sa'ar Auta ke nan. Aka ɗauke shi cikin tarin masu sa rigar gashi su fito a matsayin wasu ƙananan halittun daji da ake kira Ewok. Babban matsayi a cikinsu, wato Wicket, Kenny Baker aka tanadar wa, shi ne wadan da ke cikin gwangwanin R2-D2, ɗan mutum-mutumin Star Wars. Ranar ɗauka rashin lafiya ta kama Baker, aka ce yaron nan ya gwada. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Fim ɗin, Return of the Jedi, ya fito a 1983.

Wani abu da ya burge ni: tunda fuskarsa a rufe take ruf, ba ido ba baki, sai ya kwaikwayi karensa na gida, yadda kare ke karkata kai gefe idan ya ji baƙon sauti. Da wannan karkata kan kawai ya sa 'yan kallo suka ji kamar akwai rai da tunani a cikin tsummar gashin. Yaro ɗan firamare ya gano abin da wasu manyan jarumanmu har yau ba su gano ba, su da fuskarsu ke buɗe amma sai sun yi ihu kafin ka san ransu ya ɓaci.

Willow, na 1988, shi ne fim na farko da aka bar shi da fuskarsa. George Lucas ne ya ƙirƙiro labarin, Ron Howard ya ba da umarni. Yana da shekara goma sha bakwai aka ba shi matsayin magidanci, manomi mai 'ya'ya biyu, wanda ruwa ya kawo wa jaririya har bakin gonarsa bayan wata muguwar sarauniya ta sa a kashe ta. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji ƙamshin ƙissar Annabi Musa a nan. Fim ɗin sunan matsayinsa yake ɗauke da shi, shi ne ke goye da labarin daga farko har ƙarshe, amma a jerin sunaye Val Kilmer aka sa a gabansa. Wannan ya ɗan sosa mini rai, ko da yake na san harka ce ta kasuwa.

Bayan nan aka sake mayar da shi cikin roba da fenti. Ya yi ɓeran nan mai takobi, Reepicheep, a shirin Narnia na BBC. Ya yi mugun aljanin Leprechaun har sau shida daga 1993 zuwa 2003, kuma a na farkon ne Jennifer Aniston ta fito tun kafin duniya ta san ta. A wani fim na 2005 ya shiga cikin jikin wani mutum-mutumi mai baƙin ciki, Marvin, shi ke tafiyar amma muryar ta Alan Rickman ce. Ko a Harry Potter ɗin, a fina-finai biyun farko Malam Flitwick tsoho ne tukuf mai farin gemu, daga na uku aka canza masa kama ya koma mai baƙin gashi da ɗan gashin baki. Ni duk na ɗauka an canza ɗan wasa ne.

Na zauna ina jin tausayinsa, wallahi. Na ce a raina, ga mutum mai basira an ɓoye shi shekara da shekaru. Har na kama kwatanta shi da Peter Dinklage na Amurka, shi ma wada ne, Tyrion na Game of Thrones, wanda tun yana fama da talauci ya ƙi karɓar matsayin aljanu da dodanni, ya jira har aka ba shi na mutum, ya kuma ci kyautar Emmy sau huɗu. Su biyun sun taɓa haɗuwa a Prince Caspian na 2008. Da azahar dai hukuncina ya tsaya a kan cewa Dinklage ne ya yi daidai.

Mamansu ta dawo wajen la'asar da ƙullin cincin da dambun nama, na samu na fita karɓo ɗinkin makarantar yara. Telan unguwarmu wada ne. Shekara takwas yana mana ɗinki, kuma sai yau, Allah Ya gani, na tsaya na kalli katakon da ya ɗaure a kan feda don ƙafarsa ta kai. Ina isa na tarar da yara uku a bakin shagon suna leƙe suna "Pawpaw! Pawpaw!" Na daka musu tsawa suka watse. Shi ko kai bai ɗaga ba. Na ji kunya ta kama ni, don ni ma na ci dariyar Aki da Pawpaw har da hawaye a zamanin faifan sidi, ban taɓa tsayawa na tuna cewa Chinedu Ikedieze da Osita Iheme manyan mutane ne ake sa wa gajeren wando ana bin su da bulala ba.

Muka gaisa, ya ce, "Alhaji, ya mai jiki? An ce mini Auta ba lafiya." Na ce da sauƙi. Yana ninke kayan na ba shi labarin Baturen nan, har na nuna masa hotuna a waya: ga shi a rigar gashi, ga shi dodon banki, ga shi da kwat yana gabatar da gasar kacici-kacici ta Tenable a tashar ITV, wadda ya riƙe tun 2016 na tsawon shekaru. Na ce masa abin da ya dame ni shi ne yawancin aikinsa fuska a rufe ya yi shi.

Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "To Alhaji ai shi ya huta. Ya yi aikinsa, an biya shi, ya tuɓe kayan ya tafi gida. Ni da ban yi fim ba ga shi kullum ana kirana da sunan ɗan fim." Ya ce shekarun baya wasu masu shirya wasan barkwanci sun zo har shagon nan, suna so ya sa kayan 'yan firamare wata mata ta goya shi. Ya ce musu yana da mata da 'ya'ya uku, surukansa kuma suna kallon talabijin. "Gajere ba yaro ba ne," in ji shi, ya ciji zare ya tsinke. Sannan ya tambaye ni abin da ni ban tambayi kaina ba duk yinin: shi Baturen, ya taimaki 'yan uwansa kuwa?

Wannan kam ina da amsarsa. A 1995 shi da surukinsa suka buɗe kamfanin Willow Management mai samar wa gajerun 'yan wasa aiki da tsaya musu wajen ciniki. A 2012 kuma shi da matarsa Samantha, ita ma wada ce, a wajen ɗaukar Willow suka fara haɗuwa, suka kafa ƙungiyar Little People UK don iyalan da aka haifa musu irin waɗannan yara. Ta rasu a watan Maris na 2024. Da hukumar fina-finai ta Birtaniya, BAFTA, ta ba shi lambarta mafi girma a Fabrairun 2025, ita ya sadaukar wa kyautar a gaban jama'a. Tela ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Ashe ya san zafi."

A hanyar dawowa hukuncina na azahar ya fara rawa. Dinklage ya ƙi, ya kuma ci riba, amma mutum nawa ne za su iya ƙi su rayu? Davis ya karɓi abin da ake bayarwa, ya yi shi da kyau har aka kasa yi ba shi, sannan ya buɗe wa na bayansa ƙofa. Abu ɗaya ne nasa da har yanzu bai kwanta mini ba, shirin Life's Too Short na 2011 da ya yi da Ricky Gervais, inda ya fito a matsayin kansa amma mai girman kai da son a sani. Na kalli 'yan guntaye a waya bayan magariba. Ya iya ban dariya ƙwarai, sai dai a wasu wuraren, kamar inda yake faɗowa daga babbar mota, na kasa rabe ko halin mutumin nake yi wa dariya ko tsayinsa. Na kashe.

Bayan isha'i jikin Auta ya yi sanyi, ta sha kunu rabin kofi. Na ce mata ɗazu na yi kuskure, malamin da dodon bankin mutum ɗaya ne. Ta ce ita dama ta ga idanunsu iri ɗaya, wanda na tabbata ƙarya ce, don dodon baƙaƙen idanu aka sa masa. Na ƙyale ta.

An kawo wuta ƙarfe goma saura. Na sa kwamfuta a caji. Tela ya ce in tura masa Willow a waya idan zan kawo cikon kuɗin ɗinki ranar Litinin, wai yana so babban ɗansa ya gani. Wandon Auta kuma ya yi tsawo, sai na haɗa da shi a rage.