Akushin Iya da ƙorai uku: inda na kwana a wata na takwas

'Yan'uwa masu sha'awar tara tsofaffin kayan hannu, sallama. Wata takwas ke nan da na fara, kuma abin da ke kan kantata bai taka kara ya karya ba: akusa biyu, ƙorai uku, faya-fayai biyar, ludayin duma ɗaya, sai wani ɗan tandun kwalli na fata da har yanzu in ka girgiza shi baƙin gari ke zubowa.

Bari in fara da ɓarnar da na yi, don kada wani ya maimaita. Akushin farko na same shi ne a wajen ƙanwar kakata. Yana kife a bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Da na ce ina so, dariya ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da shi, ga kwanonin silba?" Na ce, "Iya, ajiyewa zan yi." Ta ce a cikinsa ake zuba wa maigidanta tuwo tun tana amarya, kafin langa da fanteka su cika ɗakunan mata, kafin roba ta zo ta kore su duka. Ina isowa gida, zumuɗi ya sa na kama shi da omo da soson ƙarfe. Rabin baƙin nan mai sheƙi, wanda wuta da miya da hannuwa suka yi shekaru suna ginawa, ya bi ruwa. Na shanya shi a rana kuma, lokacin hunturu, washegari sai ga tsaga a baki. Yanzu busasshen tsumma kawai nake sa wa na biyun, sai ɗan man kaɗe a yatsa in iska ta yi bushewa. Na farkon kuwa yana nan da tabonsa, kullum yana yi mini gori.

Akushi na biyu daga Kasuwar Kurmi ya fito, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulkin Kano daga 1463 zuwa 1499. A nan ne na gane cewa ba kowane baƙin akushi ne tsoho ba. Masassaƙa suna ƙona sabo ya yi baƙi ƙirin, kuma wannan ba ha'inci ba ne, haka sana'ar take. Mai saye ne zai buɗe ido. Ni dai ga abin da nake dubawa yanzu: in kifa shi in ga gindin, domin wanda ya sha zama a ƙasa gindinsa ya side, ya yi sumul ba daidai ba. In shafa cikinsa, in ji ko sawun sassaƙa na nan da kaifinsa ko hannu ya cinye shi. Sannan in sansana. Sabo ƙaurin wuta yake yi, tsoho kuwa wani wari ne na hayaƙin ɗaki da daddawa wanda ba a iya ƙirƙira. Kafin in je kasuwar sai da na yini a Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, ina kallon kayan da aka jera, don ido ya saba.

Amma ƙorai ne suka fi cin raina a 'yan kwanakin nan. Biyu zanen wuta ne, wanda ake yi da ƙarfe mai zafi, ɗaya kuma da wuƙa aka yanka zanen. Wannan ta ukun wata Bafulatana mai tallan nono ce ta sayar mini, bayan na yi mako uku ina sayen fura a wajenta. Ta fashe a gefe tun da daɗewa, gyartai ya ɗinke ta, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin riga. Da farko na so in rage kuɗi saboda ɗinkin. Yanzu in baƙo ya zo, ɗinkin nake fara nuna masa. Ƙwaryar da aka biya gyartai ya ɗinke, ai mai ita ba ta ɗauke ta abin yarwa ba. Kuma ku gaya mini, yaushe rabon da ku ji gyartai yana kewaya unguwa da basillarsa?

Wajen ajiya, karin maganar nan ta ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe, ashe ba magana ce kawai ba. Na jera su wuri ɗaya, yaro ya ja akushi, saura ƙiris a yi asara. Na raba musu kanta. Na kuma ɗaga komai daga ƙasa saboda gara, da damina kuwa sai na riƙa fito da faya-fayan suna shan iska a inuwa, don kaba ba ta jimirin laima, nan da nan take fumfuna.

Sabon abin da na ɗauko shi ne littafi. Kowane kaya na ba shi lamba a ɗan kati, ba a jikinsa ba, na rubuta garin da ya fito, ranar da na same shi, da abin da mai shi ya faɗa. Tandun kwallin nan ne ya koya mini, domin na saye shi ban tambayi komai ba, yanzu ko garinsa ban sani ba.

Wata mai zuwa adudu nake nema, mai murfinsa, irin wanda ake zuba wa amarya tufafi. An yi mini kwatancen wata tsohuwa a ƙauyenmu da ke da guda biyu, amma an ce sai na je da goro da haƙuri. Wanda kuma ya san inda gyartai yake zama har yanzu, ya taimaka mini da kwatance, ludayina ya fara tsagewa daga wuya.