Ba ƙiba take tsoro ba

Yau a asibiti wata uwa ta kawo min 'yarta mai shekara 14, da takardar da aka rubuta cewa ana zargin anoreksiya, wato ciwon ƙin cin abinci, saboda ta rame kuma abincinta bai wuce farar shinkafa, burodi da shayi ba. Na tambayi yarinyar ko tana tsoron ƙiba, sai ta yi min kallon mamaki. Ta ce ita yauƙin miyar kuɓewa ne ke tayar mata da zuciya, tuwo in ya yi gudaji ba ya wuce mata maƙogwaro, kuma ba ta sanin tana jin yunwa sai jiri ya ɗebe ta. Uwar ta ce, "Wallahi likita, tun yaye haka take." Jikina ya yi sanyi.

Mai anoreksiya tsoron ƙiba ke hana ta ci, tana ganin jikinta ba yadda yake ba. Yara da yawa masu galahanga (autism) kuwa, wari, laushi ko launin abinci ne ke fin ƙarfinsu, irin abin da yarinyar nan ta faɗa. Tsirfar cin abinci kaɗai ba ciwo ba ce. Sai ta kai ga rama, ƙarancin sinadaran jiki ko takura rayuwa ake kiranta ARFID, wato ciwon guje wa abinci ko taƙaita shi, sunan da ya shiga DSM-5, kundin likitocin ƙwaƙwalwa, a 2013. Kuma mutum ɗaya na iya haɗa galahanga da anoreksiya, shi ya sa muka sa ranar cikakken bincike. Ina ta tunanin shekarun da yarinyar nan ta yi ana ce mata mai taurin kai.